Atisayen Malam Ba-Kuskure

Ni mai aski ne, kuma babban madubin shagona titi yake kallo, saboda haka duk abin da ya faru a layinmu sau biyu nake ganinsa: ɗaya da ido, ɗaya a madubi. Wannan da zan ba ku kuwa, ko sau goma na gan shi ba zai ishe ni ba.

Tsallaken titi, daidai ƙofata, akwai shagon wani kafinta. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, kowa Malam Ba-Kuskure yake ce masa, domin ko ƙusa ɗaya ya buga sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Ba kuskure!" Tsakani da Allah hannunsa yana da kyau, bakinsa ne dai ya fi hannun tsawo. Yana da tef na awo, amma a aljihun tebur yake zaune ya yi tsatsa, wai idonsa ya fi shi daidai.

Ƙaninsa da ke zaune a babban birni ne ya samo masa aiki a wani kamfanin kujeru, har da ɗaki a saman bene. Aka ce ya yi shawara da iyalinsa, ranar Asabar da ƙarfe goma sha biyu na rana za a kira shi a waya, ya ce e ko a'a. Ya je ya yi kwana uku ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya tsaya a tsakiyar layi ya fara wa'azi.

"Jama'a, ashe ba a gari muke zaune ba, a zaure muke! Mutum ya yi atishawa a tasha, a ce masa sannu daga bakin asibiti. Can kuwa? Bene kan bene, mota kan mota. Irina a nan asara ce."

Mai Shago, wanda ke sayar da kayan masarufi kusa da ni, ya ce, "To Malama ta yarda?"

"Malama? Ai magana ɗaya zan yi."

Ya yi maganar kuwa, har guda ɗari. Matarsa malamar lissafi ce a makarantar firamare, mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ja da baya. Ta bar shi ya gama zuba, sannan ta nuna kabad ɗinta, wani ƙato mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, wanda shi da kansa ya haɗa mata shekarar da suka yi aure. Don burga, ya cika shi da gam da ƙusa yadda ba mai iya kwance shi.

"Baban 'yan biyu," in ji ta, "inda kabad ɗin nan ya shiga, nan zan shiga. Kuma ka tambayi gwiwoyin Inna ko suna son bene."

Inna, mahaifiyarsa, ta ce gwiwoyinta ba su ce komai ba tukuna, suna saurare.

A nan dabara ta faɗo masa. Ya ce gani ya kori ji: za a yi atisayen zaman birni na mako guda, a nan gida, don kowa ya ga yadda abin yake da sauƙi. In Asabar ta yi kabad ya hau bene, an tafi. In bai hau ba, an zauna. Malama ta ce ta yarda, har ta kawo masa alli daga makaranta.

Ranar Litinin da la'asar ya zana ɗakin birni a tsakar gidansu. Gidan yana da fili, har da bishiya da wurin shanya, katangar kuma gajera ce, don haka muka jeru muna kallo kamar an buɗe sinima.

"Taku shida a tsaye, taku biyar a kwance," ya ce. "Da ƙafata na auna."

"Wane irin taku?" in ji Malama. "Na zuwa karɓar aiki, ko na dawowa daga aiki?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya buɗe ƙafa yana taku kamar mai tsallake kwata. Duk da haka, da aka shigar da gado da kabad da buhunan kaya cikin zanen, abin da ya rage bai wuce wurin shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Mutum biyar suka tsuguna a kai: shi, Malama, Inna, da 'yan biyunsu mata.

"Inna, janye ƙafarki, tana ɗakin maƙwabci."

"Ka ba shi haƙuri, ɗan nan, ba ta lanƙwasuwa."

"Ke! Kin ratsa ta bango! Ga ƙofa nan na zana."

"Baba, ƙofar kabad ya tare ta."

Bakanike, mai gareji a ƙarshen layi, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, a rufe taga mana, muna ganin komai." Muka kwashe da dariya. Shi kuwa ya miƙe don ya ba mu amsa, gwiwar hannunsa ta ture butar shayi, shayin ya gangara ya wanke bango ɗaya sukutum. Inna ta miƙe ƙafa ta biyu ta ce alhamdu lillahi, an ƙara mata ɗaki.

Ranar Talata ya fito da sassafe, ya ɗaure fuska, yana sauri yana kallon tsintsiyar hannunsa, alhali ba agogo a wurin. Na ce, "Malam, ina kwana?" Shiru. Mai Shago ya gaishe shi, shiru. Bakanike ya yi masa fito, ko waige. Kafin hantsi labari ya zaga gari cewa ƙarar motocin birni ta kashe wa kafinta kunne. Mata suka fara shiga gidansa yi wa Malama jaje. Wata tsohuwa ta kawo man ɗigawa a kwalba. Ni da kaina na tsallaka, na kafa baki a kunnensa, na kwarara ihu: "YAYA JIKIN?"

Ya yi tsalle, guduma ta faɗo masa a babban yatsa.

"Lafiyata ƙalau!" ya ce yana ɗingishi. "Atisaye nake yi! A birni ba a gaisuwa. Wa yake da lokacin ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina akuyar da ta yi ciwo bara? Can kowa tasa ta fisshe shi. Wayewa ke nan."

"To mu yaya za mu yi?" in ji Mai Shago.

"Ku taya ni. Daga yau har Asabar ba ku san ni ba, ban san ku ba."

"Ko me ya faru?" in ji Bakanike.

"Ko sama da ƙasa za su haɗu."

"Ka ji fa, mai aski. Kai ne shaida."

Na ce na ji. Tsohuwar nan dai ba ta yarda ba, sai da ta ɗiga masa man a kunne ɗaya kafin ya kuɓuce mata.

Ranar Laraba ta cunkoson motoci ce. Daga ƙofar gidansa zuwa shagonsa taku arba'in ne, na mutanen kirki. Ya ce wannan shi ya lalata mu, domin a birni sai ka yi awa biyu a mota kafin ka isa wurin aiki, kuma dole jiki ya saba. A gaban gareji akwai wata tsohuwar bas da ta shekara uku a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Ya kwashi iyalinsa tun ƙarfe shida ya zuba su a ciki, ya rufe tagogi don a ji zafin sosai, ya zauna a mazaunin direba yana buga sitiyari yana zagin motocin da babu su.

"Kai mai jar mota! Gidanku ne titin?"

'Yan biyu suka ga abin ya yi daɗi, suka zama hon. Inna ta jingina ta yi barcin da ta ce rabonta da irinsa tun kafin ta haife shi. Malama tana duba littattafan ɗalibai a cinya.

Can sai ga wani baƙo da jaka, ya ga bas cike da mutane, ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna. Mu da ke kallo ba wanda ya yi magana, ai an ce ba ruwan kowa da kowa. Bawan Allah ya share minti arba'in yana fifita da hula, sannan ya ce, "Direba, yaushe za mu tashi ne?"

"Ba ka ga cunkoso ba?"

Baƙon ya leƙa ta gaba, ya ga akuya ɗaya kwance a titi. Ya leƙa ta ƙasa, ya ga duwatsu. Ya rungumi jakarsa, ya sauka a hankali kamar mai gudun kada ya tashi maciji, sai da ya kai kwana sannan ya zura da gudu.

Ranar ce Malama ta fara makara a shekara goma sha ɗaya da ta yi tana koyarwa. Da ta sauko daga bas ɗin ta ce masa, "Saura kabad." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma ni da nake tsallaken titi sai da na ji sanyi a bayana.

Alhamis da Jumma'a bai yi aikin kowa ba. Ya kwashe duk katakon da ke shagonsa, har da na gadon wani da na bencin wata, ya kafa wata doguwar hasumiya a bakin titi: matakala hawa uku, da kwana biyu, da bangon falanki a gefe da gefe, wai ita ce matakalar benen birni sak. A can ƙoli ya yi ɗan dandamali da bai fi faifai uku ba.

Malama ta zo ta tsaya tana kallo, ta miƙa masa tef. "Ko za ka auna kwanar nan?"

"Malama, na hau matakalar nan sau shida. Tana cikin idona. Ba kuskure!"

Asabar ta yi. Tun ƙarfe tara layinmu ya cika, har masu sayar da ruwan sanyi sun samu kasuwa. Tunda ba ya da maƙwabta a wannan makon, sai ya ɗauko 'yan dako biyu daga tasha, ya ce haka ake yi a birni. Ya tuɓe babbar rigarsa, waya na cikin aljihu, ya ba Malama ta riƙe. Ya ɗaura wa kabad igiya, ya shige gaba yana ja, 'yan dako suna turowa daga baya.

Hawa na ɗaya lafiya lau. Ya leƙo ya ɗaga wa jama'a hannu, sai ya tuna bai san mu ba, ya mayar da hannun ya sosa kai. Kwanar farko kabad ya wuce da ƙyar, ya bar fenti a bango. A kwana ta biyu ya tsaya.

"Ku tura!"

"Ba ya tafiya, Malam."

"Ku karkata shi hagu!"

"Hagunka ko hagunmu?"

"Hagun kabad!"

Suka karkata, shi ya ja da iyakar ƙarfinsa, sai muka ji ƙiiiƙ, ƙaf! Kabad ya zauna daram tsakanin bango da bango kamar murfin kwalba. Ba gaba, ba baya. 'Yan dako suna ƙasansa, Malam Ba-Kuskure yana samansa, kuma matakalar nan ita kaɗai ce hanyar sauka.

Ana cikin haka wata babbar mota ta yi hon a tasha. 'Yan dako suka dubi juna, suka ce kaya sun iso, suka sauko suka kama gabansu.

"Kai! Ku dawo! Haka ake yi?"

"Kowa tasa ta fisshe shi, Malam!" in ji ɗayansu. Ashe har tasha maganar ta kai.

Ya haye dandamalin ƙoli ya tsaya, ya riƙe ƙugu don kada a ga ya damu. Rana ta fara dukan tsakiyar kansa, wanda ni na aske shi tas ranar Lahadi. Madubin kabad kuma ya kama hasken yana watsa masa a fuska. Iska ta ɗan kaɗa, hasumiya ta yi wani irin kuka, ta karkata kamar faɗin hannu. Nan take ya saki ƙugu, ya rungumi falanki.

"Mai Shago! Kawo tsaninka!"

Mai Shago ya fito daga shago, ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya wuce da sauri ya kewaya ya dawo ya sake wucewa.

"Bakanike! Kai da Allah!"

Bakanike ya dube ni. "Mai aski, ka san wancan mutumin?"

"Wane? Na saman benen? Ina jin sabon zuwa ne."

"Mutanen birni ba su da kunya, daga ganin mutum sai su kama kiran sunansa."

Wallahi dariya ta kusa kashe ni, sai da na zauna a kujerar aski na riƙe ciki. Amma kada ku ɗauka mun bar shi ga halaka. Tun da hasumiyar ta yi kukan farko, samari huɗu suka zagaya ta baya suka riƙe ƙafafunta, Bakanike kuma ya riga ya jingine tsani a lungu inda shi ba ya gani.

"Inna!" ya yi kira. "Inna, ki yi musu magana!"

Inna tana zaune a inuwar rumfata da kofin ruwa. Ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, ni ina ɗakin maƙwabci."

Daidai nan waya ta yi ƙara a aljihun riga. Sha biyu ta cika. Malama ta ciro ta, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ta ɗaga ta sama. Layi ya yi tsit.

"Yaya, kana ji na?" in ji ƙanin. "Ga ni a gaban manaja. Me zan ce masa?"

"Yana ji," in ji Malama. "Yana hawa na uku ne, yana gwada matakalarku da kabad ɗina."

"Wane hawa na uku? Ai ɗakin a hawa na biyar yake. A na uku ya tsaya ya huta, ya ce sauran ya gane su da ido. Kabad kuma, Anti, ko kujera sai an cire mata ƙafa take hawa."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, girgizar ƙasa ce. Mai Shago ya kwanta a kan buhun shinkafa yana dukan ƙasa. 'Yan biyu suka koma hon. Malama kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, ta ɗaga kai ta ce, "Baban 'yan biyu, kabad bai hau ba. Amma ba zan riƙe ka da wannan ba. In har zuciyarka tana can, ka faɗa, a farfasa shi mu tafi. Kai ake jira."

Ban taɓa ganin bakin mutumin nan a rufe na tsawon wannan lokaci ba. Yana rungume da falanki, yana kallon gari daga sama, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani: ƙofar gidan Bakanike, shi ya yi ta. Tagogin makaranta, nasa ne. Rumfar tasha, bencin bakin asibiti, har kujerar da nake aski a kai. Duk inda ya juya aikin hannunsa ne, kuma ya san wanda ke bayan kowace ƙofa. Ni dai daga ƙasa na ga idonsa ya ciko, kuma na rantse ba hasken madubi ba ne. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar dariyar da na yi.

Ya gyara murya, ya dubi ƙasa.

"Mai aski... ina wuni?"

Na ce, "Lafiya lau, Malam! Ina gajiya?"

"Mai Shago, ina wuni? Bakanike, ya aiki? Jama'a, sannunku!"

Layi gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, har tsuntsayen kan waya suka tashi. Kafin ya rufe baki tsani ya iso, hannu ya fi ashirin a jikinsa.

"Yaya, me zan ce wa manaja?" waya tana ta tambaya.

"Ka ce masa ya yi haƙuri," ya yi ihu yana laluben matakin farko da ƙafa. "Ka ce garin nan ba zai iya rabuwa da ni ba. Ka ji yadda suka taru suna roƙona!"

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya sauko, amma wata ƙusa daga cikin nasa ta riƙe bayan wandonsa ta raba shi biyu tun daga hawa na biyu, sai da Malama ta yi sauri ta yafa masa babbar riga. Yana taka ƙasa ya ja da baya, ya dubi hasumiya da kabad a maƙale, ya riƙe ƙugu.

"Kun gani? Daidai inda na lissafa zai tsaya. Ba kus..."

Malama ta sa masa tef a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

Sai da muka yi sauran yinin ranar muna kwance hasumiyar falanki bayan falanki, mutum goma sha biyu, kafin muka sauko da kabad. Ko tsagewa madubin bai yi ba. Mai gado da mai benci suka tsaya a kansa har ya ware musu katakonsu.

Ranar Litinin ya fito daga gida ƙarfe bakwai, ya ce zai rama gaisuwar da ya ci bashin mutane ta mako guda. Ya tsaya wurin Bakanike ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya wurin Mai Shago. Tsohuwa mai man kunne ta tare shi ta duba kunnen, ta ɗiga wa ɗayan. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya ji yadda aka yi daga bakin mai abin, labarin kuma kullum ƙara hawa yake, har hasumiyar ta kai hawa bakwai. Ina kallo a madubi, ƙarfe tara ta buga bai kai ƙofar shagonsa ba. Taku arba'in, awa biyu.

Malama ta aiko 'yan biyu daga makaranta lokacin tara su karɓi makullin gida, suka same shi a tsakiyar titi, mutum shida sun kewaye shi.

"Baba, Mama ta ce a gaya maka, ga cunkoson da kake nema nan ka samu."

Ya buɗe baki zai ba da amsa, sai wani ya kama hannunsa ta baya ya ce, "Malam, ina kwana?"